Yaro mai ADHD: mene ne aikin famasis bayan miƙa magani?

MamanSadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga iyaye da ma'aikatan lafiya da ke wannan zaure. Likita ya tabbatar ɗana mai shekara 8 yana da ADHD, matsalar nan ta kasa tsayar da hankali wuri guda da yawan motsi, ya kuma rubuta masa methylphenidate. Da za mu fito sai ya ce duk abin da ya shige mana duhu game da maganin mu tambayi famasis. To ni abin da na sani, famasis takarda yake karantawa, ya ƙirga ƙwayoyi, ya miƙo. Ba shi ya duba yaron ba, bai san halinsa a gida ba balle a aji. Me zai yi mana da likita bai yi ba? Ba raini ba ne wallahi, so nake in fahimta.

Abu_Khalil:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Ni ma haka nake gani. Irin wannan magani da ke taɓa ƙwaƙwalwa, maganarsa ta likita ce kawai. Ki riƙe likitanki.

Famasis_Bilkisu:
Maman Sadiq, Allah ya raya shi. Kin yi gaskiya a abu ɗaya: gano cutar ba aikinmu ba ne, kuma ba mu da hurumin ƙara ko rage adadin da likita ya rubuta. Duk famasis ɗin da ya kalli yaro ya ce miki yana da ADHD ko ba shi da ita, ya wuce gona da iri.

Amma ki duba wani abu. Methylphenidate yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa tsaro, shi ya sa ba a bayar da shi da yawa lokaci guda. A Amurka sai da sabuwar takardar likita kowane karo, a Birtaniya kuma shawarar hukuma ita ce kada a rubuta fiye da na kwana 30. Ma'ana, likitan ƙwararre yana iya ganinku bayan watanni, ni kuwa kusan kowane wata za ki tsaya a gabana. Idan yaron ya fara ramewa ko barci ya ƙaurace masa, akwai yiwuwar ni zan riga ji.

Kafin in miƙa maganin ina duba ko adadin ya dace da shekarunsa da abin da ya sha a baya, domin ana farawa ne da kaɗan a riƙa ƙarawa a hankali. Ina duba wane iri ne, don sunan ɗaya ne amma aikin ya bambanta: akwai mai saurin aiki da ke ɗaukar awa 3 zuwa 4, akwai mai sakin kansa a hankali da ke kaiwa awa 8 zuwa 12. Ina tambayar sauran magungunan da yake sha. Ina tambaya ko akwai ciwon zuciya ko mutuwar fuju'a ta ƙuruciya a dangi, ko da likita ya riga ya tambaya, saboda iyaye kan tuna wani abu bayan sun bar asibiti. In na ga abin da bai kwanta mini ba, likitan zan kira kafin maganin ya bar hannuna.

Ummu_Hafsa:
Ni shaida ce a kan wannan. 'Yata ba ta iya haɗiye ƙwaya, an kuma rubuta mata Concerta, wani nau'in methylphenidate mai dogon aiki. Na tambayi famasis ko zan iya daka mata shi in zuba a ruwa. Ta ce kul, an ƙera ƙwayar ce ta riƙa fitar da maganin kaɗan-kaɗan tsawon yini, in aka fasa ta ko aka tauna, maganin yini guda zai shiga jiki lokaci ɗaya. Nan take ta buga wa likita waya aka canza mana zuwa irin kafson da ake iya buɗewa. Ta kuma gaya mini wani abu da zai amfani masu ba da Concerta: ɓawon ƙwayar yakan fito a bayan gida kamar ba ta narke ba, alhali maganin ya riga ya fita daga ciki. Uwa da ba a faɗa mata ba sai ta ɗauka maganin jabu ne.

Malam_Isiyaku:
A matsayina na malamin firamare, abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Yaron da ke shan mai saurin aiki da safe, kafin azahar za ka ga ya koma gidan jiya, iyaye kuma su ce maganin ba ya aiki. Yana aiki, ƙarewa ya yi. In akwai na rana da za a sha a makaranta, ku roƙi famasis ya raba muku a kwalba biyu, kowace da sunan yaron da adadin da lokacin sha a jiki. Kada a ba yaro ƙwaya a ƙulle cikin takarda ya sa a aljihu. Malami ba zai karɓi abin da bai san mene ne ba, kuma yana da gaskiya.

Dattijo_Garba:
Ku yi haƙuri in sa baki. Mu mun yi ƙuruciya, mun raini 'ya'ya da jikoki, yaro mai ƙiriniya ba yau aka fara ganinsa ba. Da tarbiyya da haƙuri ake shawo kansa. Yanzu an cika wa yara ciki da kayan zaƙi, an danƙa musu waya tun ba su iya magana ba, in sun kasa zama sai a ce cuta ce a kawo ƙwaya. Ni abin da nake so in ji daga famasis shi ne ranar da zai ce wa uwa ki mayar da kuɗinki, ɗanki ba ya bukatar wannan.

LikitanYara_N:
Baba Garba, Allah ya ƙara girma. Damuwarku tana kan hanya, domin ba kowane yaro mai ƙiriniya ne ke da ADHD ba. Kafin mu ce ita ce, sai alamun sun daɗe aƙalla wata 6, sun fara kafin shekara 12, ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, misali gida da makaranta, kuma suna hana yaron karatu ko zama da mutane. Sai mun kore wasu abubuwan da ke kama da ita: rashin ji sosai, matsalar gani, ƙarancin barci, damuwa, wani irin farfaɗiya da yaro ke ɗan ɗaukewa na daƙiƙoƙi.

Sai dai abin ba sabo ba ne. Tun 1902 wani likitan yara a Landan, George Still, ya yi bayanin yara masu irin waɗannan alamu, babu waya a lokacin. A 1937 Charles Bradley a Amurka ya lura cewa maganin Benzedrine yana sa wasu yara masu wahalar hali su natsu su yi karatu. Binciken tagwaye ya nuna gado yana da babban kaso a ciki, wajen kashi 74 cikin 100. Kimanin kashi 5 cikin 100 na yaran duniya ne ke da ita. Batun sukari kuwa, a 1995 an tattara gwaje-gwajen da aka yi aka buga a mujallar likitoci ta JAMA, ba a ga yana canza halin yara ba. Rage zaƙi da waya yana da kyau don wasu dalilai, amma uwar da aka ce wa laifinta ne za ta koma gida da nauyi biyu.

Kuma ba da ƙwaya ake farawa kullum ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce ga 'yan shekara 4 zuwa 5 a fara da koya wa iyaye dabarun tafiyar da halin yaro.

Dattijo_Garba:
Na ji, likita, na gode da ladabi. Amma saura maganar sabawa da maganin. Yaron da ya taso da ƙwaya kullum, me zai hana shi zarcewa shaye-shaye?

Sadiya_K:
Kafin likita ta amsa, akwai abin da ya kamata a faɗa don adalci ga Baba. Kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙi saka methylphenidate a jerin muhimman magunguna a 2019, ya sake ƙi a 2021, saboda bai gamsu da hujjojin amfaninsa na dogon lokaci ba. Ke nan masana ma ba bakinsu ɗaya ba.

LikitanYara_N:
Sadiya, haka ne, kuma masana da yawa sun soki wannan hukunci, muhawarar tana nan. Abin da ya tabbata shi ne amfanin gajeren lokaci. Babban binciken MTA da aka buga a 1999 ya bi yara 579 tsawon wata 14, waɗanda aka ba magani da kulawa ta kurkusa alamunsu sun fi raguwa. Da aka ci gaba da bin su shekaru, tazarar ta ragu. Shi ya sa ake son aƙalla sau ɗaya a shekara a zauna a duba ko yaron yana bukatarsa har yanzu.

Baba, game da sabo: binciken da ya bi yara har girma bai nuna cewa shan maganin bisa ƙa'ida yana ƙara haɗarin shaye-shaye ba. Ita kanta ADHD ɗin ce ke da alaƙa da wannan haɗari. Inda matsala take shi ne maganin ya faɗa hannun wanda ba a rubuta wa ba.

MamanSadiq:
Na ƙaru sosai, amma bari in dawo da mu kan famasis. Anti Bilkisu, ga abin da ke gabana yanzu: tun da ya fara sha, abincin rana yake dawowa da shi yadda na zuba. Wannan na likita ne ko naku?

Famasis_Bilkisu:
Na mu duka ne, amma ni zan fara. Rashin jin yunwa ita ce illar da aka fi gani. Ki ba shi karin kumallo mai nauyi kafin ya sha ko tare da maganin. Da rana kada ki yi faɗa da shi a kan abinci, ba taurin kai ba ne, yunwar ce ba ta zo ba. Da yamma in maganin ya sake shi yunwa za ta taso, a lokacin ki cika masa ciki, ko da zai ƙara kafin ya kwanta.

Sai awo. Hukumar NICE ta Ingila, mai fitar da ƙa'idojin jinya, a ƙa'idarta ta 2018 ta ce yaro mai shekara 10 zuwa ƙasa a auna nauyinsa duk wata 3, tsawo duk wata 6, bugun zuciya da hawan jini kuma kafin da bayan duk canjin adadi, sannan duk wata 6. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta waɗannan, da lokacin da ya yi barci, da abin da malaminsa ya ce. Ki zo da shi wurinmu, ki je da shi wurin likita. In nauyi yana sauka, ba jiran ranar ganin likita za a yi ba, za mu sanar da shi.

Akwai waɗanda ba a jira da su ko kwana ɗaya: ciwon ƙirji, suma, numfashi sama-sama, ko yaron ya fara gani ko jin abin da babu. Waɗannan asibiti kai tsaye. Ciwon kai ko ciwon ciki na farkon farawa kuwa yawanci yakan lafa, amma ki faɗa mana.

Nas_Rukayya:
In ƙara a kan na Anti Bilkisu. Wurin da famasis ya fi kowa amfani a ganina shi ne magungunan da ake saya ba takarda. Yaro ya yi mura, uba ya tsaya a hanya ya sayo maganin toshewar hanci mai pseudoephedrine, shi ma yana ɗaga bugun zuciya da jini, ga shi an haɗa da methylphenidate. Likita ba zai taɓa sani ba. Haka wanda ke shan atomoxetine, wani maganin ADHD na daban, in aka haɗa masa da magungunan damuwa fluoxetine ko paroxetine, yawansa a jini yana hawa domin hanya ɗaya hanta ke bi ta sarrafa shi. Shawarata ku tsaya wa wuri ɗaya da ya san yaron, kuma duk abin da za ku saya masa, har da na ganye da na ƙarin kuzari, ku ambaci maganin da yake kai.

Baban_Hassana:
Duk wannan da kuke faɗa yana da daɗin ji, amma ni ba haka na gani ba. Na je karɓar maganin ɗana, wanda ke wurin ya kalle ni sama da ƙasa, ya ɗaga murya ya kira sunan maganin mutane cike, ya ce wa ma zai sha wannan. Ɗana yana tsaye kusa da ni. A mota ya tambaye ni ko shi mahaukaci ne. Har yau in za mu je sai ya ce zai jira a waje. Wannan ne tallafin?

Famasis_Auwal:
Baban Hassana, raina ya ɓaci da karanta wannan. Abin da aka yi maka ba daidai ba ne, kuma ya saɓa wa ƙa'idar aikinmu ta rufe sirrin marar lafiya. Kana da haƙƙin ka nemi a yi magana a keɓe, kana da haƙƙin kai ƙara wurin shugaban wurin ko hukumar da ke ba mu lasisi.

Gaskiya ne doka ta ɗora mana tantance takarda, domin ana ƙirƙirar ta bogi, kuma ana karkatar da maganin, musamman tsakanin ɗalibai manya lokacin jarrabawa. Amma ana tantancewa cikin mutunci. Waya ɗaya zuwa ga likita ta isa, ba sai an tozarta uba a gaban ɗansa ba.

Tun da an zo nan: ku kulle maganin a gida, babba ne zai riƙa bayarwa yana gani an haɗiye, ku riƙa ƙirga saura. In akwai matasa a gidan ku gaya musu a fili cewa ba wa aboki ko ƙwaya ɗaya laifi ne a doka, kuma yana iya cutar da mai ciwon zuciyar da bai san yana da shi ba. Wanda ya rage bayan an canza magani a mayar wa famasi.

Khalifa_99:
Ku ba ni dama in yi magana a madadin yaran, don na sha wannan magani ina ƙarami. Kowa da iyayena yake magana. Likita ya tambayi Mama, malami ya rubuta wa Baba, ni ina zaune kamar ba a kaina ake yi ba. Da yamma in maganin ya sake ni sai in ji ƙunci da saurin fushi, ban san yadda zan faɗa ba, a gida kuma a ce na fara halin nawa. Mutum na farko da ya sunkuyo ya tambaye ni yaya nake ji in na sha, da kuma in ya ƙare, wani famasis ne. Shi ya gaya wa Mama cewa wannan sananne ne, ta faɗa wa likita, aka gyara lokacin sha. Maman Sadiq, ki riƙa zuwa da shi wani lokaci, ki bar shi ya amsa da bakinsa. Ɗan shekara 8 ya san abin da jikinsa ke yi.

Ummu_Hafsa:
Khalifa, Allah ya yi maka albarka. Wannan magana ta shige ni.

Zainabu_M:
Ba a taɓo ƙarancin magani ba. A Oktoban 2022 FDA, hukumar kula da magunguna ta Amurka, ta sanar da ƙarancin Adderall, wani maganin ADHD, a Satumban 2023 aka fitar da sanarwar gaggawa a Birtaniya kan ƙarancin magungunan ADHD da dama. Iyaye sun sha wahala. In aka ce babu irin wanda yaro ya saba, ana iya ba shi kowane mai suna methylphenidate?

Famasis_Auwal:
A'a, Zainabu, ba kai tsaye ba. Masu dogon aiki sun bambanta a yadda suke sakin maganin, wani yana fitar da kaso mai yawa da safe, wani ya fi jinkirtawa. Hukumar magunguna ta Birtaniya ta ja hankali a 2022 cewa a yi hattara wajen sauya su. Aikinmu a nan shi ne mu san waɗanda suka yi daidai da juna, mu nemo inda ake da shi, mu ba likita zaɓi. Ku kuma kada ku jira sai ƙwayar ƙarshe.

Wanda ya fi ba ni tsoro a lokacin ƙaranci shi ne guanfacine, shi ma maganin ADHD ne. Ba a yanke shi rana ɗaya, domin jini na iya hawa da ƙarfi, a hankali ake rage shi. Atomoxetine kuma sai an yi makonni ana sha kullum kafin a ga amfaninsa, iyaye da yawa suna yanke ƙauna su daina tun bai fara aiki ba. Atomoxetine ɗin ne kuma FDA ta sa wa gargaɗi a 2005 kan tunanin kashe kai a wasu yara ƙalilan, don haka duk canjin hali mai tsanani a farkon sha a sanar nan da nan, haka in ido ya yi rawaya ko fitsari ya yi duhu.

Abu_Khalil:
Na karanta duka, na yarda famasis yana da abin faɗa fiye da yadda na zata. Amma har yanzu ina da ja. Duk abin da Bilkisu da Auwal suka lissafa yana bukatar lokaci, mutum kuwa yana tsaye da layi a bayansa, minti biyu an sallame shi. Sannan ba duk wanda ke bayan kanta ne famasis ba. Sau nawa uwa za ta san da wa take magana?

Famasis_Bilkisu:
Malam Abu Khalil, wannan ƙorafi ne na gaskiya, mu ma yana ci mana tuwo a ƙwarya. Ana auna aikinmu da yawan takardun da muka sallama, ba a ƙirga mintunan da muka zauna da uwa. Abin da zan iya cewa, ku tambaya kai tsaye a haɗa ku da famasis mai lasisi, ku tambayi lokacin da ba cunkoso, ku zo da tambayoyinku a rubuce. Idan wuri ya nuna ba shi da lokacinku ko kaɗan, ku canza.

Dattijo_Garba:
Ni dai har yanzu ina nan kan cewa a fara da gyaran gida da makaranta kafin ƙwaya. Amma in har za a sha, gara a sha da irin wannan sa ido da kuka faɗa.

Malam_Isiyaku:
Baba, ba ma sai an zaɓi ɗaya ba. Yaron da ke gaban aji kusa da malami, ana gutsura masa aiki kaɗan-kaɗan, ana yaba masa in ya gama, ya fi cin moriyar maganin. Ƙwaya ba ta koya wa yaro shirya jakarsa.

MamanSadiq:
Na gode muku duka. Littafin awon zan fara, kuma zan tafi da shi karɓar na gaba kamar yadda Khalifa ya ce. Saura tambaya ɗaya: wata ta ce mini ita ba ta ba ɗanta ranakun da babu makaranta don ya samu ya ci abinci. In yi haka?

Famasis_Bilkisu:
Kada ki fara da kanki. Ana yin hakan da methylphenidate in nauyi ko tsawo ya tsaya, amma da shirin likita. Da atomoxetine ko guanfacine kuwa ba a yi sam.

LikitanYara_N:
Ni ba kowane yaro nake ba wa wannan hutun ba. Wani matsalarsa a aji kawai take, hutun yana yi masa kyau. Wani kuwa a gida da kan titi ne ya fi shiga haɗari saboda gaggawar aikata abu ba tunani, wannan ba na son a tsallake masa. Ki kawo littafin tukuna a ga nauyinsa.

Sadiya_K:
Tun ɗazu maganar masu ƙiriniya ake yi. Ƙanwata shiru-shiru ce, ba ta damun kowa, amma sai ta zauna awa guda a kan shafi ɗaya, kullum ta manta littafi ko ta ɓatar da biro, malamai suna cewa lalaci ne. Likita, irin wannan ma ana kai ta a duba? Wane ɓangare ake fara zuwa?